Yadda Za Ka Yanke Shawara Kan Guzuma: A Bar Ta a Garke Ko a Kai Ta Kasuwa

Mai kiwon shanun nama yana da ɗan lokaci a ƙarshen kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, wanda ya kamata ya tsaya ya duba tsofaffin shanunsa ɗaya bayan ɗaya, domin a lokacin ne suke da jiki, kuma a lokacin ne zai san yawan harawar da ya ɗaura a kan rufin ɗaki. Shekaru kaɗai ba sa yanke wa saniya hukunci. Na ga farar saniya irin Bunaji mai shekara 12 da ke haihuwa lafiya, na kuma ga mai shekara takwas da ta gama yayi.

Ka fara da baki. Saniya tana da haƙoran gaba takwas a ƙasa, babu ko ɗaya a sama, kuma suna cika ne wajen shekara biyar. Ka sa a riƙe maka ita, ka janye leɓenta na ƙasa. Idan haƙoran sun gajarce, sun yi giɓi ko suna girgiɗi, to ba za ta iya tsinkar busasshiyar ciyawa da karan dawa a watan Maris da Afrilu ba, ko da a yanzu ƙugunta a cike yake. Wannan ne abin da ya fi yaudarar mutane, domin ciyawar damina mai laushi tana rufa wa mai mugun baki asiri.

Daga nan sai maganar ciki. Saniya tana neman bijimi kusan kowane kwana 21, saboda haka idan an yi barbara ta sake nema bayan mako uku, ba ta ɗauka ba. Kada ka dogara da girman tumbi. Malamin dabbobi yana iya tabbatar da ciki da hannu bayan wata biyu. Cikin yana ɗaukar kimanin kwana 283, kuma ɗan tayi ya fi girma a wata ukun ƙarshe. Ka ƙirga da kyau: wadda ta ɗauka a Agusta za ta yi nauyi ne a tsakiyar bazara, lokacin da daji ya ƙone ƙurmus. Irin wannan guzuma sai an ware ta daga manyan da ke ture ta, a ba ta harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da ɗan angurya, da kanwa, da ruwa wadatacce. Wanda ba shi da halin wannan, gara ya sayar tun tana tsaye da ƙafafunta, domin babu abin tausayi kamar saniya mai ciki da ake ɗagawa da itace kowace safiya.

Ka duba hantsa ma. Idan ta zube ƙasa, ko kan nonon ya kumbura har maraƙi ba zai iya kamawa ba, zai rasa dakashi a sa'o'i shidan farko, kuma da wuya ya yi ƙwari.

Ɓari kuwa ba a ɗora shi a kan tsufa kai tsaye. Idan saniya ta zubar da ciki bayan wata shida, mabiyiya ta ƙi faɗowa, a yi zargin bakkale, cutar da ke kama mutane ta ɗanyar madara. A ware ta, a binne abin da ya fito ba tare da taɓa shi da hannu tsirara ba, a kira likita ya ɗebi jini.

Guzumar da ta shafe fiye da shekara biyu ba ta haihu ba, ko bakinta ya lalace kuma an tabbatar babu ciki, a ɗaure ta a turke wata biyu zuwa uku ta murmure, sannan a kai ta Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a. Gurbinta kuma a cike shi da karsana daga cikin 'ya'yan uwar da ta fi yawan haihuwa a garken.