Shawara ga masu kai rahoton tsuntsaye a lokacin hunturu

'Yan uwa, tunda hunturu ya kama kuma baƙin tsuntsaye daga Turai sun sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, ina so in ja hankalinmu kan yadda muke rubuta abin da muka gani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya kawo labarin tsuntsun da ba a saba gani ba kawai, ya bar balbela da zalɓe da kirinjijiya saboda ganinsu ya zama ruwan dare. Ai da ƙidayar irin waɗannan ne ake gane raguwa: ungulu ma a da ba mai kula ta a mahauta, yau kuwa sai an sha wahala kafin a ga ko guda. Saboda haka a rubuta kowane tsuntsu da adadinsa, tare da rana da lokaci da wuri, ko a littafi ko a eBird, manhajar adana rahoton tsuntsaye.

Idan baƙon tsuntsu ne, a ɗauki hoto ko da bai fito sosai ba, sannan a rubuta launin baki da ƙafa da girmansa tun ana wurin, domin hazo yakan dusashe launi har ido ya yaudari mutum. Wanda ya ce ya ga shamuwa a Janairu, alhali tsuntsuwar damina ce, lallai ya zo da hujja.

Sheƙar ungulu kuwa, kada a bayyana ainihin wurinta a fili, saboda masu farautar ta don sayarwa.