Hirar waƙa da Turanci: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk lokacin da na buɗe sabon aji na koyon magana da Turanci, a mako na biyu nakan kawo zancen waƙa. Kowa yana da abin faɗa a kai, har wanda ba ya saurare yana da dalilinsa. Tambaya ce kuma da ke yawan fitowa a kashin farko na jarrabawar magana ta IELTS (gwajin iya Turanci na ƙasa da ƙasa), wadda gaba ɗayanta minti 11 zuwa 14 ce tsakaninka da mai jarrabawa. Ɗalibai suna zuwa suna tafiya, kurakuran suna nan inda suke. Na gyara da baki har na gaji, shi ya sa na zauna rubutawa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne aron ra'ayi, domin ni ma ya taɓa cina, kuma har yau ban manta ba. Shekarun baya na je intabiyu na neman gurbin ƙaro karatu. Mutum uku ne a kan tebur. Da macen cikinsu ta ga hannuna yana rawa, sai ta jefo tambaya mai sauƙi don hankalina ya kwanta: "What kind of music do you enjoy?" Ina da amsa a kaina, na haddace ta daga wani ɗan littafi da na saya a bakin titi. Na zubo ta tas, na ce kiɗan gargajiyar Turai nake so, yana kwantar mini da hankali, yana taimaka mini wajen karatu. Fuskarta ta washe. Ashe abin da take so ke nan. Ta tambaye ni wane mawaƙi, kuma yaushe rabona da saurare. Ban san ko ɗaya ba. Na yi shiru, ina jin gumi yana bin bayana a ɗaki mai sanyi. Daga nan duk tambayar da suka yi mini sai in ji bakina ya yi nauyi, don na san sun gane. Ban samu gurbin ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a ranar, tun daga tasha har muka isa, kaset ɗin Shata direbanmu ya sa, ina bin baitocin a zuci. Da ita na yi wa zancen Shata, da Turancina na lokacin duk da gurguntakarsa, sai in yi minti biyar ban tsaya ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

To yanzu ga ku, ɗalibaina, kuna maimaita wannan kuskuren. Yaro ya taso a Fagge ko Tudun Wada, wayarsa cike da waƙoƙin Hausa da ya je aka tura masa a kasuwa, amma ina tambayarsa sai ya kira mini sunan wani Ba'amurke da bai iya rera layi ɗaya nasa ba. Kunyar me kuke ji? Mai jarrabawa ba ya ba da maki a kan irin waƙar da kake so. Abu huɗu yake aunawa: yadda maganarka ke gudana da haɗuwa, yawan kalmominka, nahawunka, da furucinka. Duk huɗun suna fitowa da kyau ne idan kana magana a kan abin da ka sani. Ba ni da matsala da mai son waƙar waje da gaske, ya faɗa, zai iya kare kansa. Da mai ƙarya nake.

Wasu sukan ce, "Malam, ai kalangu ba shi da suna a Turanci." Nan ne ma ribar take. Kira shi da sunansa, sannan ka bayyana shi: "It's a small drum shaped like an hourglass. You hold it under your arm and squeeze it to change the sound." Ka ga jimla biyu cikakku, kalmomi na zahiri, kuma mai sauraro ya ƙaru. Haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, mai tsirkiya ɗaya: "a tiny lute with one string." Haka kakaki, wanda sarakuna ake busa wa. Ka ƙara da cewa Shata ɗan Musawa ne, ya rasu a 1999, amma har gobe ana jin sa a motocin haya da shagunan tela. Wannan zance ne da babu wanda zai ƙure ka a kansa.

Akwai kuma waɗanda ba sa sauraron kiɗa saboda addini, kuma suna da yawa a ajina, maza da mata. Kuskurensu iri biyu ne. Wani ya ce "I don't like music" ya ja baki ya tsuke, ya bar mai tambaya a tsaye. Wani kuma ya ƙirƙiro ƙarya don kada a ce masa baƙauye. Duka babu buƙata. Ka faɗi gaskiya cikin ladabi, ka wuce zuwa abin da kake saurare: "I don't really listen to music, for religious reasons, but I listen to Qur'an recitation every morning." Sai ka faɗi ƙira'ar wa ka fi so, me ya ja ka gare ta, ko kana saurare kana shara ko kana tuƙi. Wata ɗaliba ta taɓa yin minti biyu cur a kan yadda kakarta ke rera waƙar daka. Ba a yi amsar da ta kai wannan ba a wancan ajin.

Na biyu da yake tayar mini da hankali shi ne "I use to". Wallahi wannan ya zama annoba. Bahaushe yana son ya ce "nakan saurari waƙa da daddare", sai ya ce "I use to listen to music at night." Wanda ya ji zai ɗauka "used to" ka ce, ita kuwa ma'anarta da can kana yi, yanzu ka daina. Wato ka faɗi kishiyar abin da kake nufi. Na taɓa shan wannan da wani baƙo da muka yi aiki tare. Na ce masa haka game da sauraron rediyo da asuba, ya tambaye ni me ya sa na daina, na ce ban daina ba, ya ce ai yanzu ka ce ka daina. Muka yi ta jayayya ina ganin shi ne bai fahimta ba, sai daga baya na gano ni ne. Tun daga nan na kafa wa kaina doka: "nakan" ɗinmu a Turanci ita ce "I usually" ko "I often", ko ma aikatau tsurarsa, "I listen to the radio every morning." "Used to" kuwa sai inda za ka iya sa "a da" a Hausa: "I used to buy cassettes," a da nakan sayi kaset. A ajina duk wanda ya ce "I use to" sai ya tashi tsaye ya maimaita jimlar daidai sau uku. Wasu malaman suna ganin na tsananta. Ni dai na ga yana aiki.

Kusa da shi akwai rikicin "ji". Mu da kalma ɗaya muke jin waƙa, mu ji yunwa, mu ji Larabci. Shi ya sa ake cewa "I am hearing music." "Hear" sautin da ya faɗo kunnenka ne ba da niyya ba, kamar kiɗan bikin maƙwabta. Wanda ka kunna da kanka "listen" ne, kuma ba ya tafiya sai da "to". "I listen music" gurguwar jimla ce.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa su yi yawa. "Music" ba a ƙirga shi, babu "musics", babu "a music". Waƙa guda "a song" ce. Waƙa mace ce a Hausa, a Turanci "it" ce, kada ka ce "I like her." "Sosai" ba "too much" ba ce, wannan tana nufin abin ya wuce kima har ya zama matsala, ka ce "I really like it" ko "a lot". Ana cewa "I prefer this to that", ba a sa "than". "The song is sweet" fassarar "tana da daɗi" ce kai tsaye. A nan gida za a gane, a waje gara "beautiful", "catchy" ko "moving". Mu muna kaɗa ganga, mu busa algaita, mu goga goge, su kuwa "play" ta wadatar da duka. Kuma "I am boring" ba ta nufin ka gaji da waƙar, tana nufin kai ne mai gundurar mutane.

Kada kuma ka ɗauki nahawu daga bakin mawaƙa. "He don't" da "ain't" suna zama a waƙa, ba sa zama a intabiyu. Yawancin waƙoƙin Legas da kuke ji cakuɗe suke da Pidgin da Yarbanci. Pidgin harshe ne mai zaman kansa da ƙa'idojinsa, amma ba shi ake jarraba ka a kai ba.

Furuci kuwa, zancen waƙa yana tona asirinmu fiye da kowane zance, saboda "pop", "play", "favourite" da "voice" duk suna cikinsa. Harafin "f" namu da leɓɓa biyu muke yin sa, yana yawo tsakanin "p" da "f" na Turanci, sai ka ji mutum ya ce "I am a big pan", ya mai da kansa kasko alhali masoyi yake nufi. Abin da na yi wa kaina shi ne madubi da 'yar takarda. Wajen "f" da "v" sai na ga haƙoran sama sun sauka a kan leɓen ƙasa. Wajen "p" in haɗe leɓɓa in saki iska har takardar da na riƙe a gaban bakina ta motsa. Minti biyar bayan sallar asuba, kalma goma kacal, na yi kusan wata uku a haka kafin bakina ya saba.

Aikin da nake ba kowa ba ya canzawa. Zaɓi waƙa ɗaya, ko karatu ɗaya, da ka saurara a makon nan da gaske. Kada ka rubuta jimloli, rubuta kalma biyar kawai a takarda. Buɗe WhatsApp ka tura wa kanka saƙon murya na minti biyu, daidai tsawon da ake ba ka a kashi na biyu na IELTS bayan minti ɗaya na shiri. Ka faɗi yaushe kake saurare, a ina, da wa, kuma me take tuna maka. Kada ka saurari muryar nan take, bari sai washegari, lokacin kunnenka ya huce, za ka ji "use to" ɗinka da kanka. Sannan ka sake ɗauka a kan waƙar nan dai, kada ka canza wata. Ranar Asabar ka zo mini da na farkon da na biyun duka, don nakan fara da sauraron na farkon.