Yadda ake tsara barcin rediyon tabarau na XR domin batir ya daɗe

Tabarau na XR, wato wanda yake nuna wa mai sanye da shi duniyar da kwamfuta ta ƙera ko yake ɗora hotuna a kan abin da ido ke gani, batirinsa ƙarami ne, kuma a kan fuska yake zama, inda ɗan zafi kaɗan ma kan dami mutum. Idan wata sabar ce, wato babbar kwamfuta da ke wani wuri, take haɗa hoton tana turowa ta 5G ko Wi-Fi, rediyon da ke cikin tabarau, wato sashen da ke aikawa da karɓar bayanai ta iska, yana shan wuta ko da sauraro kawai yake yi babu abin da ya iso. Aikin mai tsara lokaci shi ne ya sa rediyon ya farka daidai sa'ad da hoto zai iso, ya koma barci da zarar ya gama karɓa.

Kafin a taɓa kowane saiti, sai a ɗauki bayanan da ke bi ta hanyar sadarwar a duba su da ido. Abin da za a gani shi ne tarin fakiti, wato ƙananan ƙunshin bayanai, yana zuwa a dunƙule, sannan shiru, sannan wani tarin. Kowane tari firam ɗaya ne na bidiyo, wato hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗa bidiyon. Idan ana tura firam 60 a daƙiƙa, tazarar tana kai milisakan 16.67 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa); a 90 tana zama 11.11, a 120 kuwa 8.33. A rubuta kuma tsawon jinkirin da manhajar za ta iya jurewa. Ƙungiyar 3GPP, wadda ke tsara ƙa'idojin 5G, ta yi amfani da milisakan 10 a nazarinta kan bidiyon XR da ke saukowa ta iska, da 15 ga wasannin da ake sarrafawa daga sabar.

Babbar matsalar tana cikin waɗancan lambobi masu ɗigo. Tsarin barci na 5G da ake kira DRX an gina shi ne a kan cikakkun milisakan, saboda haka wanda ya zaɓi zagaye na 16 domin bidiyo mai firam 60 zai tarar rediyo yana riga hoton farkawa da kashi biyu cikin uku na milisakan a kowane zagaye. Bayan firam shida kacal tazarar ta kai milisakan 4, kuma nan da nan firam zai fara isowa rediyo yana barci, ya jira zagaye na gaba, ya wuce wa'adinsa. Mai sanye da tabarau zai ga hoton yana tsinkewa yayin da ya juya kai. Mafita ita ce a lura cewa firam uku suna cika milisakan 50 cif, don haka tsarin 17, 17, 16 yana dawo da lissafi daidai. Fitowa ta 18 ta ƙa'idojin 3GPP, wadda aka kammala a 2024, ta kawo zagayen DRX mai ɓangaren lamba saboda wannan dalili, ta kuma gyara tangarɗar da ke faruwa idan lambar da 5G ke ƙidaya lokaci da ita ta koma sifiri bayan milisakan 10,240. Idan tashar sadarwa da tabarau duka suna goyon bayansa, a ganina babu hujjar yin amfani da wani abu daban.

Ko bayan an daidaita zagayen, firam ba ya isowa a kan lokaci ɗaya kullum, domin matse bidiyo da tafiyarsa a hanya suna ɗaukar lokaci mabambanci. Samfurin 3GPP ya ɗauka cewa zai iya riga lokacinsa ko ya makara da milisakan 4. Wanda ya buɗe tagar farkawa ta milisakan 8 domin ya rufe wannan duka ya salwantar da kusan rabin zagayen. Abin da ya fi shi ne a bar tagar da faɗinta, amma a sa rediyo ya riƙa leƙa hanyar da umarni ke isowa ta cikinta jefi-jefi har fakitin farko ya iso, sannan ya koma sauraro sosai. Da fakitin ƙarshe ya fita, tashar sadarwa ta umarci rediyon ya daina sauraro. Fitowa ta 17 ta tanadi duka dabarun biyu. A gajarta agogon da ke riƙe rediyo a farke bayan saƙon ƙarshe, amma a bar sararin sake tura abin da ya lalace a iska, domin firam ɗin da ya rasa fakiti ɗaya yakan zama marar amfani gaba ɗayansa.

Kada a manta da abin da tabarau yake aikawa sama. Bayanan motsin kai ƙanana ne, amma a samfurin 3GPP suna fita kowane milisakan 4, kuma su kaɗai sun isa su hana rediyo barci mai zurfi. A ware musu gurbi tun da farko ba tare da sun nemi izini kowane lokaci ba, a kuma jera gurbin kusa da tagar karɓar bidiyo gwargwadon iko.

A Wi-Fi, makamancin wannan shi ne TWT na Wi-Fi 6, inda rauta, wato akwatin da ke rarraba Wi-Fi, da na'ura suke yarjejeniya kan lokacin farkawa, kuma Wi-Fi 7 ya ƙara nau'in da ke kare wannan lokaci daga cunkoson sauran na'urori. Da yake ana lissafinsa da maikurosakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na milisakan, ana iya sa 16,667, sai dai ragowar kuskuren yana taruwa ya kai milisakan 1.2 a minti ɗaya, don haka dole a riƙa sabunta lokacin farawa.

A wajen gwaji, a auna wutar da aka rage tare da adadin firam ɗin da suka iso cikin wa'adi, inda ma'aunin 3GPP yake neman kashi 99 cikin ɗari. A maimaita gwajin da tabarau da yawa a ƙarƙashin tasha ɗaya, kowanne an karkatar da lokacin farkawarsa daidai da isowar nasa firam ɗin, kuma a bar shi ya yi aƙalla mintuna da dama, domin zamewar lokaci ba ta bayyana a gwajin daƙiƙa kaɗan.