Ku ɗaure teburan bayanai da makullin waje

Ƴan'uwa masu haɗa wa kantunan Tahoua manhajar lissafi, kada ku bar teburin bashi ba ɗauri. Ku ɗaure lambar mai saye da ke teburin bashi da makullin waje (FOREIGN KEY) zuwa teburin masu saye, ku sa ON DELETE RESTRICT, wanda ke hana a goge mai saye muddin yana da layi a teburin bashi. Sa CASCADE a maimakon RESTRICT a nan haɗari ne: ana goge sunan mutum, bashin jaka hamsin da ake bin shi ya bi shi ya ɓace.

Manhajar ajiyar bayanai ta SQLite ba ta duba ɗaurin sai an rubuta PRAGMA foreign_keys = ON duk lokacin da aka buɗe haɗi. A manhajar MySQL kuma injin ajiya na InnoDB za ku zaɓa, don injin MyISAM karɓar umarnin take yi ta yi biris da shi. In teburin tsoho ne, ku fara zaƙulo marayun layuka, wato na bashin da mai sayensu ba ya cikin teburin masu saye, da umarnin LEFT JOIN.