Darasi na 9: Hoton ƙwaƙwalwa da ciwon rawar jiki

Karatu

A nan Tawa kowa ya san irin wannan tsoho. Baduku ne, tun yana saurayi yake ɗinkin fata. Yanzu in ya zauna bakin zaure ya ɗora hannu bisa gwiwa, sai hannun dama ya kama kaɗawa. Babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan tasbaha, alhali ba tasbaha a hannun. In ya miƙa hannu zai ɗauki basilla, rawar takan lafa. Sai dai aikin da yake gamawa kafin azahar, yau har la'asar bai kai rabi ba. Tafiyarsa ta zama ƴan gajerun taku, yana jan ƙafa. A bakin ƙofa ƙafar takan kafe kamar an dasa ta. Fuskarsa ma ta daina motsi, jikoki suna zaton fushi yake yi.

A gida wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce sammu. Babban ɗansa dai ya kai shi asibiti. Daga nan aka tura su Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Likita ya sa tsohon ya tashi, ya yi tafiya, ya juya, ya buɗe hannu ya rufe da sauri. Sannan ya rubuta a yi hoton ƙwaƙwalwa.

Da sakamako ya fito, likita ya duba ya ce: "Baba, hotonku babu abin tashin hankali."

Ɗan ya ce: "To Likita, ke nan ba ciwon asibiti ba ne?"

"Ciwon asibiti ne. Sunansa Parkinson. Tun kafin hoto na gane shi, a tafiyar Baba."

Ku riƙe wannan amsa da kyau. Iyalai da yawa a nan suke juyawa. Sun kashe kuɗin mota da na hoto, an ce musu hoto lafiya lau, sai su koma gida da tabbacin cewa aikin asiri ne, su bar magani. Wannan abu yana ci mini rai, domin ciwon yana da maganin da ke sauƙaƙa shi sosai.

Abin da ke cikin kai

Duk wanda ya taɓa fasa kan ragon layya ya ga ƙwaƙwalwa. Bayanta ruwan toka ne, cikinta fari. Ta mutum ma haka take. Farin nan ba kitse kawai ba ne. Zarurrukan jijiya ne masu ɗimbin yawa, kowane an lulluɓe shi da riga mai maiƙo, kamar yadda ake lulluɓe wayar wuta da roba. Ta cikinsu saƙo ke tafiya daga wannan sashe zuwa wancan, har ya sauka zuwa hannu da ƙafa. In zaren ya lalace, saƙo yakan makara ko ya ɓace a hanya.

Ciwon Parkinson kuwa ba daga farin yake farawa ba. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhu inda ake yin sinadarin dofamin, wanda ke sa motsi ya tafi sumul. Ƙwayoyin wurin ne ke mutuwa sannu a hankali. Sun yi ƙanƙanta ƙwarai, shi ya sa hoton da aka saba yi sau da yawa ba ya nuna kome. Wani likitan Landan, James Parkinson, shi ya bayyana ciwon a 1817, kuma da ido ya gane shi, lokacin ba a ko mafarkin na'urar hoto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu ciwon sun haura miliyan 8 da rabi. Ɗan damben nan Muhammad Ali ya zauna da shi tun 1984 har rasuwarsa a 2016.

To mene ne amfanin hoton?

Amfaninsa tantance ciwo daga masu kama da shi. Hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙananan hanyoyin jini na cikin farin ƙwaƙwalwa. A hoto sai a ga ɗigo-ɗigo masu haske, wani lokaci sun haɗe sun zama faci. Mai irin wannan ya fi wahala a ƙafa, hannunsa bai cika rawa ba, kuma maganin Parkinson bai cika yi masa aiki sosai ba. Abin da ya fi bukata shi ne a tsare hawan jinin kada ɓarna ta ƙaru. Amma ƴan ɗigo kaɗan a hoton tsoho abu ne da aka saba gani, kada ku firgita da su kafin likita ya yi bayani.

Hoto yana kuma nuna ruwa da ya taru a cikin ƙwaƙwalwa. Shi ma yana kawo jan ƙafa da mantuwa da kasa riƙe fitsari, kuma wasu sukan samu sauƙi bayan an yi musu aikin tiyata. Yana nuna ƙari, ko jinin da ya kwanta bayan faɗuwa. Akwai wasu cututtuka ƴan uwan Parkinson masu saurin tsananta, inda ake ganin tushen ƙwaƙwalwa ya motse.

Masu bincike sun samo wata dabarar ɗaukar hoto tun wajen 1994, ta bin sawun ruwa a cikin farin. Ku tuna ban ruwa a garkar albasa. In hanyar ruwa tana da kyau, ruwa ya miƙe gaba ɗaya. In gefenta ya zube, ruwa ya watse ko'ina. Haka ruwan jiki yake bin zaren jijiya mai lafiya, ya watse inda zare ya lalace. Da wannan dabara an ga canji a farin ƙwaƙwalwar masu Parkinson. Har yanzu dai ta fi zama aikin bincike, ba da ita kaɗai ake yanke wa mutum hukuncin ciwo ba.

Ranar hoto

Na'ura iri biyu ce. Sikana tana aiki da haske irin na radiyon ƙashi, ƴan mintoci ta gama. IRM kuwa da babban maganaɗisu take aiki, ita ta fi nuna farin ƙwaƙwalwa. Mutum yana kwanciya a tura shi cikin wani bututu, na minti 20 zuwa 45. Ba zafi, sai ƙara kamar ana daka a turmi. Dole kai ya tsaya cik, don haka mai rawar jiki ya faɗa wa ma'aikata tun farko.

Maganaɗisun yana fizgar ƙarfe da ƙarfin gaske. A cire agogo, zobe, ɗan kunne, makulli, salula, da laya ko kambu mai ƙarfe. A wanke kwalli. Wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya ko ƙarfe a jiki ya faɗa kafin ya shiga. Maƙeri da mai walda su ma su faɗa, saboda ɓarɓashin ƙarfe da kan maƙale a ido.

Ku tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha. Wasu magungunan taɓin hankali da na amai, irin su haloperidol da metoclopramide, su da kansu suna kawo rawar jiki da sandarewa. In likita ya rubuta levodopa, babban maganin Parkinson, a sha shi kan lokaci. Yakan fi shiga jiki in an sha shi kamar rabin awa kafin abinci, musamman nama da madara. Ba a barinsa farat ɗaya ko da an ji sauƙi.

Tambayoyi

1. Me ya sa hoton baduku bai nuna ciwonsa ba?
2. Waɗanne cututtuka biyu ne ke kawo ɗigo a farin ƙwaƙwalwa?

Aikin rubutu

Ku ɗauki takarda kamar gobe za ku raka wani tsoho asibiti. Ku rubuta watan da rawar ta fara, da hannun da ta fara kamawa. Ku rubuta ko tana zuwa yana zaune ne ko yana aiki, sau nawa ya faɗi, da sunan kowane magani kamar yadda yake a jikin kwali. Ku zo da takardar aji mai zuwa, za mu karanta tare.