Mai gida biyu: wace jiha ce za ta karɓi harajinka?

Sana'ata riƙe wa 'yan kasuwa da ma'aikata lissafi ce a nan Kano, kuma babu tambayar da ta kai ta mai gida biyu yawan zuwa gabana. Iyali suna Hotoro ko Rijiyar Zaki, maigida kuwa yana Abuja daga Litinin zuwa Juma'a. Harajinsa na Kano ne ko na can?

Ka fara cire maganar asali daga ranka. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ba ta da aiki a nan. Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 a kan mazauni ta ɗora hukunci, sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ma jihar da kake zaune ta bar wa karɓa. Kada kuma ka wahalar da kanka da ƙirgen kwanaki. Kwana 183 ɗin da ake yawan faɗa na tantance zama a Najeriya ne ko ƙasar waje, ba tsakanin Kano da Kaduna ba.

Ranar 1 ga Janairu ake dubawa: a wannan rana, wane gida ne a hannunka na zama? Otal da masaukin baƙi ba sa shiga lissafi, sai in ba ka da wani wuri. In gidajen biyu ne a jihohi biyu, kuma kana aiki ko kasuwanci, wanda ya fi kusa da wurin neman abincinka shi ne babban mazauninka. A nan mutane suke cijewa. Ko ka gina bene a Hotoro, muddin a ɗakin haya kake kwana a Kubwa, hukumar harajin Abuja ce mai karɓa. In ɗakin a Mararraba yake, kuɗin na Nasarawa ne, in a Suleja, na Neja, ko da ofishinka yana tsakiyar Abuja. Mai shago a Kantin Kwari kuwa, ko da amaryarsa tana Zariya, ɗan harajin Kano ne. Wanda ba ya fita aiki, kuɗin hayar gidaje kawai yake ci, gidan da ya saba zama ake bi. Sojoji da 'yan sanda nasu na tarayya ne.

In kai ma'aikaci ne, ka je wurin akawun albashi da kanka, ka ce ya nuna maka jihar da yake tura abin da ake yanka maka duk wata. Yana ba ni takaici in ga mutum an yi shekaru ana yankar albashinsa, ranar da ya nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku don neman kwangila ko takardun fili, a duba a ce ba a san shi ba, don wata jihar kuɗin suka tafi.

Ka adana rasit ɗin haya, da takardar kuɗin wuta, da wasiƙar da aka tura ka wurin aiki. Ka miƙa bayanin kuɗin shigarka kafin ƙarshen Maris. In jihohi biyu suka aiko maka da takardar neman biya, kada ka biya sau biyu, kada kuma ka yi shiru. Ka rubuta ƙorafi da hujjojinka, ka karɓi kwafi mai hatimi. In suka kasa daidaitawa, hukumar haɗin gwiwa ta masu karɓar haraji ce ke raba musu gardama.