Yadda mace za ta shirya tafiyarta ta farko zuwa ƙasar waje daga Gombe

Mata da yawa a Gombe sun taka ƙasar waje, wasu Umara, wasu karatu ko saro kaya, amma in kin tambaye su yadda aka nemi bizar sai su ce ejan ne ya yi komai, fasfon ma a aljihun maigida ya je ya dawo. Irin wannan tafiya ba ta ƙara wa mace komai sai hotuna, kuma ita ce ke jefa ta cikin matsala ranar da aka rabu da ayari. Don haka ko wani ne zai biya kuɗin, kowane mataki a nan ya bi ta hannunki.

Da farko, ki gama da gida

Ki zauna da maigida ko iyaye da cikakken bayani: ina za ki, kwana nawa, wa zai tarbe ki, da wa za ku tafi. Batun muharrami ki kai shi ga malamin da kika amince da shi tun kafin ki kashe ko kwabo. Saudiyya ta sassauta sharaɗin ga mata mahajjata tun 2021, amma dokar ƙasa daban, hukuncin addini daban. In da yara za ki tafi ba tare da mahaifinsu ba, ki karɓi takardar amincewarsa mai sa hannu, ki haɗa da takardun haihuwarsu.

Na biyu, fasfo, kuma a nan mata suka fi maƙalewa

Ana cike fom a shafin intanet na Hukumar Shige da Fice, a biya a can, sannan a je ofishinsu na Gombe ko Bauchi a ɗauki hoto da zanen yatsu. Mai shafi 32 shekara 5 yake yi, mai shafi 64 shekara 10. Ba a yin sa sai da lambar NIN, kuma abin da ke kan NIN ɗin shi za a buga. Matsalar ke nan. A takardar makaranta kina Hauwa'u da sunan mahaifinki, a banki kin koma sunan miji, a NIN an rubuta Hauwa ba wasalin ƙarshe, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu saboda mai rajista ya ga dama. Ki baza takardun nan duka a kan tabarma ki gwada su harafi da harafi. In akwai saɓani, ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, za ki fara zuwa, kuma gyaran yakan ci makonni. Shawararmu ga wadda ba ta riga ta canza ba: ki zauna a kan sunan mahaifinki, ya fi sauƙi ta kowace fuska.

Ana ɗaukar hoton da hijabi, fuska dai ta fito daga goshi zuwa haɓa. Mai tsohon fasfo ta duba ranar ƙarewarsa, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda saura ƙasa da wata 6 ya mutu.

Na uku, allura

Katin rigakafin cutar shawara jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya wadatar har ƙarshen rayuwa. Kada ki sayi katin a bakin filin jirgi ba tare da an yi miki allurar ba. Mai Hajji ko Umara za ta ƙara da ta sanƙarau. Mai juna biyu ko mai shayar da jinjiri ta ga likita kafin allurar shawara. Yawancin kamfanonin jirgi suna neman takardar likita in ciki ya kai mako 28, daga mako 36 kuma ba sa ɗauka.

Na huɗu, zaɓen ƙasa da biza

In yawon buɗe ido ne kuma wannan ce fitarki ta farko, ki fara da inda ba a neman biza. Ƙasashen ECOWAS irin su Gana, Togo, Benin da Senegal suna barin 'yar Nijeriya ta zauna har kwana 90. A unguwar Nima ta Akara ko zangon Kumasi za ki yi ciniki da Hausa, ki taka kaɗan kuma ki shiga inda ba mai jin ki. Hatimin shiga da fita da za ki samo zai yi miki amfani ranar da kika nemi bizar ƙasa mai tsauri.

Bizar ƙasashen Turai na Shengen tana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, wurin sauka, da bayanin asusun banki na watannin baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ranto miliyoyi a zuba a asusu ana saura mako guda. Jami'in biza yana kallon yadda kuɗi ke shiga da fita ne, kuma kuɗin da ya faɗo rana ɗaya ba tushe shi ke jawo a hana. Mai sana'ar atamfa ko turaren wuta ta riƙa sa cinikinta yana bi ta banki tun wata 6 kafin nema. In adashi kika kwasa, ki rubuta bayaninsa. Ejan zai iya taya ki cike fom, amma ki karanta kowane layi kafin ki sa hannu, don ƙaryar da ya rubuta ke za a hana shiga saboda ita.

Duk wanda ya ce zai yi miki fasfo, biza da tikiti kyauta ki je aikatau a ƙasar Larabawa ki biya daga baya, ki kai maganar ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Da yawan waɗanda suka tafi haka an karɓe fasfonsu tun ranar da suka sauka.

Na biyar, haɗa kaya

Akwati yawanci kilo 23 ne, jakar hannu kusan kilo 7, amma ki duba tikitinki. Humra, man shafawa da turaren ruwa da suka wuce mililita 100 su tafi cikin babban akwati, a naɗe bakin kwalbar da leda, in ba haka ba za a karɓe su a wurin bincike. Fawa banki kuwa a jakar hannu yake tafiya. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Ingila, Turai ko Amurka, goro ba ya shiga Saudiyya. Maganin da kike sha ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita. Tiramadol da kodin za su iya kai mutum kurkuku a ƙasashen Larabawa.

Kada ki karɓi saƙon kowa da ba ki buɗe kin gani ba, ko da ta kira ki 'yar'uwa. Bayan an auna kayanki, ki ƙirga 'yan takardun lambar kaya da aka manna miki, su yi daidai da yawan akwatunanki, ki ɗauki hotonsu. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya saboda jakar ƙwayoyi da aka maƙala wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba, kuma sai a Afrilun 2019 aka sake ta.

Kuɗi ki raba su biyu, wasu a lalitar da ke jikinki, wasu a jaka. Tsabar da ta haura Dala 10,000 dole a bayyana wa kwastam.

Na shida, ranar tafiya

Daga filin jirgin Lawanti ko na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, yawanci sai kin bi ta Abuja, Kano ko Legas. A Disamba da Janairu hazo yakan sa a soke tashin jiragen Arewa, don haka ki isa garin da za ki tashi kwana ɗaya kafin ranar, ki kuma je filin jirgi awa 3 kafin lokaci. Kina da damar neman mace ta caje ki. Mai niƙabi ta sani Faransa da Beljiyam sun hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, hijabi dai ba laifi a titi. Manyan filayen yada zango kamar Doha da Istanbul suna da masallacin mata, ki koyi hukuncin ƙasaru kafin ki bar gida.

Na bakwai, bayan kin sauka

Ko kuna ayari, ke za ki miƙa fasfonki ki amsa tambayar jami'i da bakinki. Ki rubuta adireshin masauki da lambar ofishin jakadancin Nijeriya a takarda, saboda waya tana mutuwa. Hoton fasfo da biza ki tura wa wani a gida. Ki sayi layin waya na ƙasar tun a filin jirgi.

Kowace rana ki ɗora wa kanki aiki guda da ba ki taɓa yi ba: canjin kuɗi, hawa jirgin ƙasa, tambayar hanya, sayen abinci da harshen da kika koyi kalma goma a cikinsa. Ki je inda mata ke aiki ki ga yadda suke ɗaure kaya, yadda suke sa farashi, ƙarfe nawa suke buɗe shago. Da dare ki rubuta abin da kika kashe da lambar masu sarin da kika gamu da su, tare da sunan layin da shagonsu yake.